Kawu Isufu da Jaridar Jamusawa

Duk wanda ya taɓa ƙwanƙwasa ƙofar Kawu Isufu a Montreuil, gefen Paris, ya san ba da maraba ake tarbarsa ba. Sai ka ji tafiya a hankali, ka ga ƙofa ta buɗe kamar faɗin yatsa biyu, ido ɗaya ya leƙo, sannan murya ta ce, "Wa ya aiko ka?" Ni Rabi, ɗiyar ƙanwarsa, da ya yi mini huɗuba da bakinsa, ban tsira ba. In na ce, "Kawu, ni ce fa," sai ya ce, "Na ga ke ce. Wa ya aiko ki?" In ka samu shiga kuwa, kafin gaisuwa sai ka miƙa salularka ya jefa a tukunya ya rufe da murfi. Wai tana da kunne.

Alhaji Sani yana nan da ransa, ku tambaye shi. Shekara talatin suna sahu ɗaya a masallaci. Ya dawo daga Damagaram da kilishi, saƙon innata. Kawu ya juya ƙunshin, ya shinshina, ya tura masa.

"Fara ci in gani."

Alhaji ya yi bisimilla, ya ci ɗaya, ya ci biyu, ya gyara zama. Da Kawu ya ga abin ya kai rabi sai ya ce, "To ya isa, na yarda!"

Alhaji ya ce, "A'a Malam Isufu, ba a sani ba. Wata gubar a ƙasa take kwanciya."

Wallahi sai da suka yi kokawa a kan takardar kilishin.

To duk wannan zargi saboda me? Saboda akwati. Da yawa cikinku kun ɗauka zinariya ce a ƙarƙashin gadon nan. Jarida ce! Tsofaffin jaridu da Jamusanci, sun yi jajawur don tsufa, kuma Kawu ko kalma ɗaya ta Jamusanci bai iya ba. Lokacin da ya zo Faransa da ƙuruciya, ya yi aiki a wata ƙaramar maɗaba'a ta wani tsoho da yake kira Baba Jamus. Uban tsohon yana cikin teloli da kafintoci da masu ɗinkin takalma da suka gudo daga ƙasarsu suka tare a Paris, suna buga jarida da harshensu, suna cewa ba su son sarki, ba su son gwamnati, ba su son wani ya zama ubangidan wani. Da maɗaba'ar ta rufe, tsohon ya bar wa Kawu akwatin. Sunan jaridar ma Kawu bai taɓa furta shi ba, sai dai ya ce "mutanen nan."

Na taɓa ce masa, "Kawu, kai mai salla biyar a jam'i, me ya haɗa ka da waɗanda ba su yarda da kowa ba?"

Ya ce, "Ke kin taɓa ganin na yarda da wani?"

Da na shiga jami'a a Lyon ina karatun tarihi, sai na ga ai ga abin rubutun kammala digiri a ƙarƙashin gadon kawuna. Wata shida ina lallashi. Daga ƙarshe ya yarda wani farfesa mai jin Jamusanci ya duba, amma da sharaɗi: shi zai kawo da kansa, kuma kada in tarbe shi a tasha, don in an gan mu tare an gane. Ya zuba jaridun a buhun shinkafa, ya ɗora busasshen kifi a sama. Allah sarki mutanen da suka zauna kusa da shi a jirgin ƙasa!

An yi da mu ƙarfe biyu a ofishin farfesa a Bron, gefen Lyon. Biyu ta yi, ba Kawu, ba farfesa. Uku saura sai ga Kawu yana haki, hula a karkace.

"Rabi, sun biyo ni. Wani dogon Bature mai jaka. Tun daga tasha. Na shiga taram, jirgin nan na cikin gari, ya shiga. Na sauka a hanya na jira na baya, ina shiga, ga shi ya sauko yana ta ɗaga mini hannu yana kira. Na yi cikin wani kanti na fita ta ƙofar baya. Kai, yau na nuna masa ni ɗan Damagaram ne!"

Bai rufe baki ba aka turo ƙofa. Dogon Bature mai jaka, gumi sharkaf. Kawu ya rungume buhu ya ce, "Gudu Rabi, sun riga mu!"

Farfesan ne. Dama na aika masa hoton Kawu, ya gane shi a taram, ya so ya taimaka masa da kaya. Bawan Allah ya yi ta ba da haƙuri kamar shi ya yi laifi. Kawu ya dube ni ta gefen ido ya ce da Hausa, "Wa ya ce ki ba shi hotona?"

Da ƙyar aka zauna. Kawu ya zaro wani shafi da ya naɗe daban a leda, mai jerin sunaye. Shekara da shekaru yana gaya mini wannan ne asirin, sunayen manyan 'yan tawaye ne. Farfesa ya sa tabarau ya karanta, ya fara murmushi. Sanarwar fita shan iska ce ranar Lahadi a bakin kogi, da sunayen waɗanda za su kawo burodi da waɗanda za su kawo kujeru. A ƙasa kuma wani yana cigiyar laimarsa.

Kawu ya ce, "Ta ina zan san abin da yake faɗi shi ne a rubuce?" Ya sa aka kawo shayi, aka sha, aka yi hirar sanyi, sannan ya sake miƙa masa shafin ya ce ya maimaita, ko zai canza magana. Laima dai ta sake fitowa. Kawu ya gyaɗa kai ya ce, "Laima. Hmm. Kalmar sirri ce."

Amma da aka shiga cikin jaridar sosai, sai fuskarsa ta fara haske. Kusan kowace fitowa, mai gyaran rubutu yana zargin mai bugawa da cewa ɗan leƙen asirin 'yan sanda ne, mai bugawa ya rama a ta gaba ya ce ai mai rarrabawa ne. Sun rabu gida biyu, kowane gida ya sake rabuwa, har aka kai inda mutum uku ke fitar da jaridar, biyu suna zargin ɗaya. Kawu ya buga cinya ya ce, "Allahu akbar! Rabi, kin ji mutanen kirki!"

Sai farfesa ya ce, cikin taka-tsantsan, ai zargin bai tashi a banza ba. Akwai ɗaya daga cikinsu da yake kai rahoto da gaske, shi ya sa ma'ajiyar tsofaffin takardun 'yan sanda take da kusan duk fitowar jaridar, kowa na iya zuwa ya karanta.

Na ji tausayin Kawu. Shekara arba'in yana gadin abin da 'yan sanda suka riga suka jera a kanta. Sai ya ɗago.

"Kusan duka ya ce?"

Farfesa ya duba lissafinsa, ya duba buhu. Fitowa ɗaya ce ba su da ita, kuma ga ta a hannun Kawu, tana warin kifi. Mutumin ya roƙi a bar shi ya ɗauki hoto kawai. Kawu ya karɓe ta a hankali, ya sa a leda, ya ɗaga babbar riga ya zauna a kai.

"Gaya masa an tashi."

Da sauran jaridun na yi rubutuna. Waccan ɗayar, ko ni ban sake ganinta ba sai bara, da ciwo ya kwantar da shi a asibiti. Wata ranar Juma'a da hantsi ya sa na rufe ƙofa, ya ce in matso. Ya ce shekarar da takardarsa ta izinin zama ta ƙare, 'yan sanda suka zo bincike maɗaba'a. Baba Jamus ya tura shi ƙarƙashin teburin yankan takarda, ya jawo tarin takardu ya rufe, ya tsaya a bakin ƙofa, tsoho mai sanda, yana ta surfa musu masifa har suka gaji suka tafi. Da Kawu ya fito, tsohon ya zuba masa kofi ya ce, "Haka wani Bafaranshe ya ɓoye ubana. Sha."

Kawu ya ce, "Bai taɓa tambayata addinina ba, ni ma ban tambaye shi nasa ba. Abu ɗaya ya roƙe ni, kada in ba hukuma jaridar. Ban iya karanta ta ba, Rabi, amma na iya riƙewa." Ya zaro ledar daga ƙarƙashin matashi ya ɗora a hannuna, ya riƙe hannun ya daɗe bai saki ba.

Kwana huɗu bayan nan muka yi masa sutura.

Ya Allah, ga bawanka Isufu nan ya zo maka. Ya yi zaman baƙunta da tsoro a zuciya, amma bai ci amana ba. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa makwanci, ka ba shi kwanciyar hankalin da bai samu ba a nan. Amin.