Baba Andrawus, Sarkin Buzuzu

Ranar Talata, 9 ga Agusta, 2016, Allah ya ɗauki Baba Andrawus Zira, tsohon malamin dabbobi, a gidansa na Vimtim, yana da shekara tamanin da ɗaya. Na zauna zan rubuta kuka, Baba, amma dariya ke ta zuwa mini.

Shekarar da muka dawo daga gudun hijira, gonata ce kaɗai abin da zan ciyar da marayu huɗu da shi. Kamar kullum, Gabdo makiyayi ya kwantar da shanunsa a cikinta kafin shuka. Ruwa ya sauka, amma kashin shanun ya ƙi narkewa, yana nan kamar busasshen tuwo. Masara ta fito rawaya. Ni kuwa da saurin fushina na ce Gabdo ya yi wa gonar asiri, na rantse ba zai ƙara taka ta ba. Zumuncin da muka gada tun iyayenmu ke nan zan yanke.

Sai ga ka da sandarka. Ka durƙusa, dattijo guda, kana juya kashi kana leƙawa. Babu buzuzu, babu tana. Ka tambayi Gabdo yaushe ya yi wa shanun allurar tsutsar ciki. Ashe ana gobe zai shigo ya yi musu, har ya ninka, wai don kada ya kawo mini shanu marasa lafiya!

Ka ce, "Alice, 'yata, maganin yana fita cikin kashi, ya kashe masu binne miki taki. Ma'aikatanki aka kashe, ba asiri ba ne."

Kunya ta kama ni. Ka ce a riƙa yin allurar daidai awo, a bar wata guda kafin shanu su shiga gona. Samari suka laƙaba maka Sarkin Buzuzu, kai kuma ka ce a kawo rawani. Bana masarata ta fi ni tsawo.

Ranar jana'izarka, buzuzu ya ratsa hanya yana mirgina kayansa. Gabdo ya ɗaga hannu, masu ɗauke da akwati suka tsaya cik har ya wuce.

"Talakan sarki ne," in ji shi. Muka yi dariya da hawaye.

Ubangiji ya ji ƙanka, ya ba ka hutawa. Matarka Mama Saude da 'ya'ya da jikoki, Allah ya ba ku haƙuri. Ƙasar da ka kula da ita, Baba, ta yi maka sauƙi.

Alice Tizhe, Vimtim