Man Gyaɗar da Na Ɗura wa Motar Kawuna

Sallama gare ku masu karatu. Ni tsohon direba ne daga Madarunfa, yau furfura har a gira, kuma akwai abin da na daɗe ina son in sauke daga ƙirjina. Zamanin Faransa ne, gyaɗa na tashe, ni kuwa ina ji da kaina kamar ni na ƙera mota. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, shi ya sayar da shanunsa kaf ya sayi wata tsohuwar kamiyo, babbar motar kaya kwancen soja, ya damƙa mini don in riƙa kwaso buhunan gyaɗa daga Gabi da Safo zuwa sikeli a Maraɗi. Kai, ranar da na shigo gari da ita! Mata suka bar daka, tsofaffi suka taso daga gindin tsamiya, ni kuwa sai danna oda nake ina washe baki. Kawu ya shafa ƙofarta, ya ce mini duk abin da ya mallaka ke nan a hannuna.

Aibinta ɗaya, yoyon baƙin mai. Duk inda ta tsaya sai ta bar baƙin tabo a ƙasa, har abokaina suka sa ni gaba da tsiya, wai motar tawa fitsarin kwance take yi. Abin ya ci mini rai. Na shiga ƙarƙashinta, na ga man yana ɗiga daga murfin gindin inji, sai na ce to ga ɓarawon. Na ɗaure murfin nan har jijiyar wuyana ta tashi, na cusa tsumma, na liƙe da sabulu. Washegari ga tabo nan, har ya fi na jiya faɗi. Abin da ya kamata shi ne in gaya wa kawu, mu kai ta wurin mai gyara a Maraɗi. Amma ina! Ni da gari ke kira gwani, in ce ɗan yoyo ya gagare ni? Sai na koma kullum da safe, kafin kawu ya fito, in ɗebo rairayi in rufe tabon in share da ƙafa. In ya tambaye ni lafiyar mota, in ce masa ras take.

Yoyo ya ƙaru, man da kawu ke sayowa na wata guda ya koma ƙarewa a kwana goma. Na taɓa jin tsofaffin direbobi na cewa lokacin yaƙi har da man gyaɗa an yi aiki, ban kuwa tsaya na tambayi yadda aka yi ba. Matata sana'arta ƙuli-ƙuli, tana da garwa cike da mai a ɗaki. Allah ya yafe mini, na shiga ɗiba a ɓoye ina ɗura wa inji. Da na ji motar ta tashi lafiya, wallahi har rawa na taka, na ce na gano abin da Nasara bai gano ba. In na tsaya a Gabi inji ya yi zafi, sai ka ji mutane na shinshina suna tambayar wa ke suya. Ni ma in taya su dubawa, kamar ban san komai ba.

Wata biyu ana haka, ran nan na dawo da rana na tarar da matata a tsakar gida, ta wanke bayan garwarta tas, ta shanya, tana barbaɗa mata toka da rariya har ta yi fari fat. Na tambaye ta me ke nan. Ta ce manta ke raguwa, kuma haka uwarta ta koya mata: ba a neman yoyo a inda mai ya taru, a wanke, a barbaɗa toka, duk inda ya fara jiƙewa nan ne hujin. Muka zauna muna kallon garwa. Toka ta ƙi jiƙewa ko'ina. Ta ɗago ta dube ni, ta ce garwa dai ba ta yoyo, maigida, sai dai in mai gidan ne ke yi.

Kunya ta kama ni, amma wallahi murna ta fi kunyar yawa. Na amsa laifina a tsaye, na fizge rariyar da ƙwaryar toka, na ruga wurin mota ba ko takalmi. Na wanke injin nan da kananzir tun daga sama har ƙasa, na bar shi ya bushe, na barbaɗe shi da toka sai ka ce an yi masa kwalliya. Na murza hannun tayarwa, ta kama, na kafa ido. Gindin injin da na yi wata biyu ina azabtarwa, a bushe yake ƙayau. Can sama ta baya sai ga wani ɗan baƙin layi ya ɓullo cikin farar toka, siriri kamar zare, yana gangarowa. Na bi shi da yatsa har wani siririn bututu na jan ƙarfe da ke kai mai ga agogon gaban direba. Gogar ƙarfe ta tsaga shi, tsagar ba ta kai tsawon farce ba. Na kwarara kabbara har awakin maƙwabta suka watse! Na cire bututun na kai wa mai gyaran garwa a bakin kasuwa, ya liƙe shi da dalma kafin in gama ba shi labari. Na mayar, na sake barbaɗa toka, na tayar. Fari fat, ko ɗigo.

Da zafina na je na kira kawu ya zo ya ga gwaninta, kuma cikin ɗoki na ce bari in zubar da tsohon man a gabansa in sa sabo. Nan asirina ya tonu. Abin da ya fito ba mai ba ne, wani abu ne mai kauri da danƙo, yana ƙaurin ƙonannen ƙuli. Kawu ya tsuguna, ya lakata, ya murza a yatsunsa, sai ga garin ƙarfe na ƙyalli a rana. Mai gyara a Maraɗi ya ce mana injin ya riga ya ci kansa. Motar ba ta kai ƙarshen kakar ba, ta buga a hanyar Gabi cike da buhuna, sai da jakuna aka kwashe kayan.

Kawu bai zage ni ba, da ma ya zaga. Cewa kawai ya yi, kullum da safe yana ganin rairayin da nake sharewa, yana jira ne in zo in faɗa masa da bakina. Har Allah ya karɓi ransa bai sake ɗaure saniya a gidansa ba, kuma bai sake tayar da maganar ba.

Ku matasa masu riƙe da motar mutane, ku ji daga bakin wanda ya yi. In kun ga ɗigo, kada ku tsaya a inda ya faɗo, ku wanke ku bi shi har inda ya taso. Kada ku ɗura wa inji abin da ba nasa ba don wani ya ce an taɓa yi. Kuma ku faɗa wa mai abu tun ran farko, ko da za a yi muku dariya. Gyaran nan ƙwarya ɗaya ta toka ya ci da ɗigon dalma. Ni na saye shi da garken kawuna.