Hoton Malam Garba Ranar Tafiya

Har gobe ban taɓa mantawa da Larabar da Alhaji Mumuni ya faɗo shagonmu da kyamara naɗe cikin tawul ba, kamar wanda ya ɗauko jariri mai zazzaɓi. Ku da kuka shigo aikin nan daga baya kun san shi da furfura da natsuwa. A wancan lokacin kuwa, in ya shigo shago sai ka rantse kaza ce ke neman wurin ƙwai.

Lokacin ina aiki a shagon Hajiya Memuna da ke bakin babban titin Nima a Accra. Ita ce mai shago, ita ke sayo kaya, ita ke yanke magana. Ni ke tsayawa a kantar shago, ni ne kuma mai gyara, da ɗan teburina a baya da fitila da ƙananan sukundireba. Muna sayar da batir, caja, memori, jaka, filasha, ƙafar ɗora kyamara, da lens, wato gilashin gaban kyamara wanda ake cirewa a sauya wani. Yawancin masu sayen kayanmu ba da hoto suke ci ba, sha'awa ce kawai.

Alhaji Mumuni na cikinsu. Dillalin kayan mota ne a kasuwar Abossey Okai, ran Lahadi kuma sai ya rataya kyamara ya tafi bakin teku yana ɗaukar kwalekwalen masunta. Ya ɗauki kifi, ya ɗauki tsuntsu, ya ɗauki rabin mutanen Maamobi, unguwar da mahaifinsa ke zaune, amma ba shi da hoton mahaifinsa ko ɗaya. Mahaifin nasa, Malam Garba, malami ne irin na da, tun yana saurayi ya zo daga Dogon Dutse ta ƙasar Nijar, kuma in ba don takardar hukuma ba, ba ya tsayawa gaban kyamara. To a daminar da nake ba ku labari tsohon ya ce ya gaji, gida zai koma ya ƙarasa kwanansa. Sai ya yi wa ɗan nasa alkawari: ranar tafiya, in ya sa rigar tafiya, ya yarda a ɗauka, sau ɗaya tak.

Tun daga ranar Alhaji Mumuni bai bar ni na sha ruwa ba. Yau ya sayi ƙafar kyamara, gobe filasha, jibi ya dawo da filashar wai haskenta zai dame idon tsoho, gata ya sake karɓarta. Na ce masa ƙaramin lens ɗin da yake da shi ya isa. Ya ce a'a, Baba ba kwalekwale ba ne, irin wanda ke fito da fuska ya dusashe bayanta yake so. Na ce Hajiya ta yi odar irinsa, ya ɗan jira. Jira kuwa ba ya cikin jininsa.

Rannan sai ga shi da wani ƙaton lens da ya tsinta a cikin kayan kwantena, irin tsofaffin kayan Turai da muke kira hom-yus. Gilashi tas, ba tabo. Ina juya shi na ga na wani kamfani ne daban. Ku sababbi ku riƙe wannan: kowane kamfani da irin bakin kyamararsa. A gindin lens akwai kunnuwan ƙarfe da ke shiga su kulle, akwai kuma 'yan haƙoran tagulla da ke haɗa shi da wutar kyamara. In ba gidansu ɗaya ba, ba sa gaisawa.

"Alhaji, wannan ba zai shiga ba," na ce masa.

Ya yi dariya har da dukan kanta. "Cale, abokina Salifu, kai ba ka san Abossey Okai ba. Injin Jamus mun sa shi cikin motar Japan, yana gudu har Kumasi. Babu abin da ba ya shiga."

Na ce kyamara ba motar haya irin trotro ba ce. Ya naɗe abinsa ya fita yana murmushin wanda ya san abin da ya taka. Wanda ya ƙi ji, ai ba ya ƙi gani ba.

Larabar da nake ba ku labari ita ce ranar tafiyar Malam, kuma ranar kasuwar Nima ce, titi ya cushe tun da sassafe. Motar Yamai bayan azahar za ta tashi. Ko shara ba mu gama ba ya faɗo, gumi ya jiƙe masa riga, idonsa ya raina fata.

"Duba mini shi," ya ce yana warware tawul. "Ya ƙi fita, ya ƙi kunna. Baba yana wanka yanzu."

Ƙaton lens ɗin nan ne a bakin kyamara, a karkace. Ashe wurin mai injin gurza ƙarfe ya kai shi, wanda ke yi musu cikon kayan mota. Aka zaftare kunnuwan, aka shafa giris, aka murɗa da ƙarfin tsiya har ya shige. Da na girgiza kyamarar sai na ji garin ƙarfe na yawo a ciki kamar tsakuwa a gwangwani. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba don kyamarar ba, don na san tsohon da ke can yana shirin sa riga.

"Alhaji, ba a fafe gora ranar tafiya," na ce. "Sai na buɗe ta ta baya, na kwance ƙusar da ta maƙale, na share garin nan tsaf. Aikin yini ne, in ma ta tashi."

"Fasa shi! Kawo guduma!"

"In na fasa lens, kyamarar ma ta tafi."

Ya kai ƙofa ya dawo, ya zauna ya miƙe, ya ciro waya ya mayar. Na ce ko da wayar tasa ya ɗauka mana. Ya kalle ni kamar na zage shi. Hoto ɗaya a duniya, na ubansa, da wayar da yake ɗaukar tsohon birki yana tura wa makanikai? Daga nan idonsa ya sauka kan kyamarar gwaji da ke cikin gilashi, wadda muke gwada wa masu saye kaya da ita. Dokar shago ce, wannan kyamara ba ta tsallake ƙofa a hannun kwastoma, ko limami ne.

Hajiya Memuna na zaune tana karin kumallo da koko da ƙosai, duk abin nan tana ji. Ya durƙusa gabanta, babban mutum da shi.

"Hajiya, don Allah don Annabi."

"Tashi, Mumuni. Doka doka ne, ba na ba ka." Ta kurɓi kokonta, sannan ta juyo gare ni. "Salifu, kai kwastoma ne?"

"A'a, Hajiya."

"To kyamaran nan ya daɗe ba a gwada shi a hasken waje ba. Ɗauka ka je ka gwada a Maamobi. Malam Garba ne ya raɗa wa 'ya'yana suna, ka ce ina gaishe shi sosai paa."

Na duba batir, na sa sabon memori, na ɗaura mata ƙaramin lens irin wanda Alhaji ya raina, muka fita. Mota ba ta motsi a titi, sai muka faɗa lungu da ƙafa. Ruwan daren jiya ya cika kwata, muna tsallake taɓo, muna kauce wa masu tallan doya da masu dakon kaya. Shi a gaba yana waiwayowa yana "yi sauri", ni a baya na rungume kyamarar mutane a ƙirji ina addu'a kada santsi ya kwashe ni a kan katakon da aka gitta a babban kwalbati. Kayan da ya yi makonni yana tarawa duk suna gidansa can unguwar Kanda, ko zancen ɗauko su bai taso ba.

Mun tarar da Malam Garba zaune kan kujera a tsakar gida, cikin farar riga da rawani, buhunan littattafansa ɗaure a gefe. Muka durƙusa muka gaishe shi, na isar da gaisuwar Hajiya. Na miƙa wa Alhaji kyamara, ya fara ja da baya yana neman inda haske ya fi kyau.

"Wane ne wannan?" in ji tsohon.

"Salifu ne, Baba, na shagon Hajiya Memuna."

"Ya iya abin nan?"

"Shi ke gyara shi ma."

"To ba shi. Kai kuma zo nan."

Alhaji ya tsaya sororo. "Baba, ni zan ɗauke ka."

"Mumuni, ni me zan yi da fuskata? Inda za ni, waɗanda suka san ni duk sun kwanta dama, na yanzu ba wanda ya san na haifu. Fuskarka nake so in tafi da ita. In na ce ina da ɗa a Accra, in ciro in nuna."

Alhaji ya dubi rigarsa, duk gumi da taɓo da ɗigon giris, ya ce bari ya sauya. Tsohon ya ce a'a, haka ya san shi. Ya zo ya tsuguna gefen kujera, uban ya ɗora masa hannu a ka. Ni kaina sai da na goge idona kafin in iya leƙa kyamara. Na riƙe numfashi, na danna sau ɗaya, na sauke hannu.

"Baba," in ji Alhaji, "a wanke biyu?"

Malam ya ce: "Ai kana ciki, kana da haƙƙi. A wanke biyu."

Da gudu na koma shago na fitar da su a ɗan injinmu na hoton fasfo, a takarda mafi girma da yake iya ɗauka, na hau okada zuwa tasha. Ana loda kaya na miƙa wa Malam nasa ta taga. Ya kawo shi dab da idonsa ya daɗe yana dubawa, sannan ya zura a aljihun ƙirji. Bai sake taka Accra ba.

Abin da ranar ta koya mini shi nake so ku ɗauka. Mu mutanen zango kullum wani namu na kan hanya, wani zai koma arewa, wani zai haye Turai, wani tsufa ya kama shi. Wanda ya shigo nan yana zumuɗi, yana saye yana mayarwa, sau da yawa ba kayan ne suka hana shi sukuni ba, wani ne zai rabu da shi. Don haka kafin ku ciro masa komai daga cikin gilashi, ku ba shi kujera, ku tambaye shi wa zai ɗauka, kuma yaushe mutumin zai tafi.