Barewar Tokuji Ba Ta da Ido

Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ƙarar da ta tashe ni ke nan daren Talata. Na ɗauka wata daga cikin dabbobin itacen maƙwabcina ce ta sauko shan ruwa, don tun muna yara ake ce mana suna yi, ni kuwa ban taɓa fid da rai da gani ba. Na zura takalmi na leƙa rumfarsa. Duhu ƙirin, sai ƙamshin itacen kafur, ga Tokuji Hayasaka zaune yana sassaƙa.

"Yaya Tokuji, ka kunna fitila mana, za ka yanke yatsa!"

"Kai Genzo, har ka tsufa ba ka daina leƙen mutane ba? Fitilar me? Shekara uku rabona da ganin tafin hannuna."



Shekara uku! Kullum da asuba yakan share ƙofar rumfa, ya wasa wuƙaƙensa, ya sha koren shayi, ya gaishe mu kowa da sunansa. Ashe da takun ƙafa yake gane mu. Sai yanzu na tuna: zomon da ya yi wa makarantar yara barci yake yi. Birin da ya maye gurbin wanda girgizar ƙasa ta karya, barci. Mujiyar asibiti ma ta lumshe ido. Mu muna ta dariya, wai tsoho ya koya wa dabbobinsa gyangyaɗi.

Tokuji, kai ne ka ba garin nan dabbobin da ba sa cin shukar kowa. Kai ne ka tsaya cikin dusar ƙanƙara kana kallon zalɓe har gemunka ya daskare, don kada ka yi wa ƙafarsa ƙarya. Mai yatsu masu gani, mun gode.

Yanzu ga barewar da za ta yi gadin ɗakin bautarmu a gabansa, komai ya kammala, har jijiyar wuya, saura ido. Amma mai gadi ba ya barci. A al'adarmu ido ne ƙarshe, kuma ranar bikin girbin shinkafa masassaƙi ke buɗe shi a gaban jama'a.

"Kunne da kofato hannu na ji," in ji shi. "Kallo kuwa sai mai kallo. In na karkata shi, ta dinga hararar jikokinku har abada."

Bai taɓa samun wanda ya zauna koyo ba. Samarinmu, ku ajiye wayoyin nan ku je ku zauna kusa da shi tun hannun yana motsi.

Da safe na faɗa wa mutanen layinmu, muka taru a bakin rumfar. Kinuyo mai awara ta shafa goshin barewar, ta juyo ta dube mu.

"To, biki saura mako guda. A cikinku wa zai buɗe mata ido?"