Hannun Malam Ilu Maɗori

Da daminar 1955 na ari keke don in burge mutanen unguwarmu Koki. Na kuwa burge su, domin a gaban mai ƙosai na kife cikin kwata, kafaɗata ta goce. Aka kwashe ni sai zauren Malam Ilu maɗori.

Gidansu ɗori suka gada. Ubansa ya rantsar da shi kada ya koya wa kowa sai ɗan cikinsa. Ɗan kuwa guda ne, Tanko, wanda ya ce shi ba zai ƙare a shafa man shanu a ƙafar mutane ba, ya bi motar gyaɗa, bai waiwayo ba. Dattawa sun sha kawo 'ya'yansu, Malam yana sallamar su saboda rantsuwa. Har sanyin ƙashi ya nannaɗe masa yatsu, ko karan ɗori ba ya iya ɗaurewa. Sai a lokacin ya yi kaffara, ya ce kowa ya zo. Ba wanda ya zo.

Malam ya sa na kwanta rub da ciki a kan dakali, hannu na reto, aka ɗaura mini ɗan dutsen niƙa a wuyan hannu. Ina ihu, shi kuwa ya jawo ƙasusuwan ragon layya ya hau karatu.

"Duba nan, Isyaku. Gwiwa ƙyaure ce, gaba da baya kawai ta sani. Kafaɗa tabarya ce a turmi marar zurfi, shi ya sa take tsalle. Naman wajen ne ya ɗaure don tsoro. Nauyi zai gajiyar da shi, ƙashi ya koma gida da kansa."

Na ce, "Malam, magani na zo nema ko makarantar allo?"

Can sai na ji ƙwas! Zafi ya ɗauke.

Ya daɗe yana kallon yatsuna, sannan ya ce, a hankali kamar mai roƙo, "Hannunka lafiyayye ne. Ka riƙa zuwa da hantsi, in nuna maka."

Na yi dariya. "Ni? Ai hannun nan loma kawai ya iya, Malam. Ka nemi mai hankali."

Ya tattara ƙasusuwan ragon da bayan hannu.

"Masu hankalin na fara tambaya, kai ne na ƙarshe a Koki. Tashi ka tafi. Ran da muƙamuƙinka ya goce ba mai mayar maka, unguwa ta huta."