Yatsu Biyar na Madam Odil

Har gobe ina tuna ranar da aka yi daƙuwa a dandalinmu. Lokacin ni ne mataimakin shugaban ƙungiyar rawa a Garwa, irin wadda muke kira bale. A wurinmu duk ƙungiyar da ke ba da labari da rawa bale ce. Sai aka turo mana sabuwar direkta, Madam Odil, wadda ta koyo balen Turawa na tsayuwa a kan yatsun ƙafa.

Ra'ayinta shi ne mai tsalle ke ɗauke da wasa, masu fitowa a uwa ko maharbi kuwa cikon benci ne. Saboda haka ta sa sunan Dada Asta cikin waɗanda za a sallama. Dada ta tsufa tana fitowa a uwa, gwiwa kuma ta ƙi. Ni aka ba takardar in miƙa mata, na yi kwana uku ina yawo da ita a aljihu.

Ranar gwajin ƙarshe muka gayyaci iyayen 'yan wasa, har daga Pitowa. Labarin masunci ne zai shiga kogin Binuwai ruwa ya cika, uwarsa na hana shi. Madam ta koya wa Hawwa, wadda ta gaji Dada, alamar "kada ka tafi": a miƙa hannu, a ware yatsu biyar. Hawwa ta narka wa ɗan nata daƙuwa. Zaure ya ɗauki salati, sannan dariya ta ɓarke.

"Me ya faru, Malam Buba?" in ji Madam.

Na ce, "Madam, uwa ce ta zagi kanta."

Dada ta miƙe tana ɗingishi. "Pardon, Madam, a ba ni minti ɗaya."

Ta bi kiɗan a hankali, ta ɗauke filafilin kwalekwalen, ta zauna a kai, ta kau da kai gefe. Ɗan fari ne, ba ta kallon idonsa. Kafaɗunta kawai ke rawa. Ni kaina sai da na share ido.

Madam ta matso kusa da ni. "Takardar nan, ka ba ta?"

"Tukuna."

"Kawo." Ta karɓe takardarta, aka fasa sallamar Dada.

Ku da kuka shigo aikin yanzu, ku koyi tsalle, yana da kyau. Amma labari yana jikin wanda ya san mutanen da ke kallo. Dada ta rasu, Allah ya ji ƙanta. Filafilin na nan a ɗakin kaya, ban taɓa bari an yi masa fenti ba.