Taswirar da Na Ba Mai Tsire

Ni ne mai laifi, kuma ba zan ɗora wa kogi ba.

Shekarar da sojoji suka koma bariki, ina zaune a Agege, ina da rumfar gishirin shanu a Kara, bakin kogin Ogun. Ƙanena ya samu aiki a inda ake zuba wa kwamfuta tudu da kwarin ƙasa da yawan ruwan sama, ita kuma ta nuna inda kogi zai malala. Ya kawo mini taswira, ga rumfata tsakiyar shuɗi.

"Yaya, ka kwashe gishirin nan kafin ƙarshen damina."

"Sannu, Oga Injiniya. Kwamfutar taka ta taɓa jiƙa ƙafa a Ogun? Ko ita ma ta fara duba?"

Ni gwani, sama nake kallo: in babu hadari, ina ambaliya za ta fito? Taswirar kuwa na ba mai tsire ya naɗe nama.

Ruwan ya zo da rana tsaka, sama wasai. Can nesa aka yi ruwan sama, dam ya cika, aka buɗe. Gishirina ya narke kaf, na mai da kogi guda miya.

Ƙanena ya zo ya taya ni tsintar buhunan wofi. Muna cikin danfo, motar haya, za mu gida na ce masa, "Ka yafe mini. Na raina iliminka don kawai a gabana aka haife ka."